Injinan Pilates a Samaru: wa zai koyar?

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a kasuwar Sabon Gari ta rubuto cewa tana so ta cire wani kaso daga jarinta ta buɗe ɗakin motsa jiki na mata a Samaru, da injinan Pilates huɗu irin waɗanda ake kira rifoma. Ɗiyar yayarta, wadda ta koyi abin a YouTube, ita ce za ta riƙa koyarwa. Tana tambaya cikin wata nawa kuɗinta zai dawo.

Hajiya, ki ajiye maganar watanni tukuna, domin matsalarki tana wajen yarinyar nan. Rifoma gado ne mai allo da ke zamewa, ana daidaita ƙarfinsa da sifirin, ana jan sa da igiyoyi, kuma Joseph Pilates, Bajamushen da ya ƙirƙiro shi ya koyar da shi a New York har ya rasu a 1967, ya tsara atisayensa ne mataki-mataki. Waɗanda suka burge ki a waya na matakin sama ne. Akwai wanda mace ke kwanciya, ta sa ƙafafu cikin igiyoyi, ta ɗaga ƙugu da gadon baya gaɓa-gaɓa har nauyinta ya koma kan kafaɗu. Idan ya zarce zuwa wuya, an yi ɓarna. Akwai kuma wanda ake dafa sandar gaba da hannu a tura allon da ƙafafu, inda rage sifirin ke ƙara wa tsokokin ciki wahala maimakon ya sauƙaƙa, abin da mai kallon bidiyo ba ta cika ganewa ba. Shi ya sa cikakken horon masu koyarwa yake cin awoyi ɗaruruwa, har da koyarwa a gaban malami.

Ki duba kuma su wa za su zo miki: masu ciwon baya, masu jego, wasu da juna biyu, da dattijai masu raunin ƙashi, waɗanda lanƙwasa baya da ƙarfi kan yi wa illa. Na ga wata a Kaduna da ta damƙa wa ƙanwar mijinta irin wannan ɗaki; mace guda ta ji ciwo a baya, labari ya zaga gidajen biki, aka daina zuwa, kuma zumunci ya hana ta sallamar yarinyar har injinan suka yi ƙura. Haka za ki rasa bakin yi wa ɗiyar yayarki faɗa.

Inji mai kyau yakan kai dala dubu uku ko fiye kafin kuɗin jirgi da kwastan, kuma kowane inji mace ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, saboda haka mai cewa za ki mayar da kuɗinki kafin babbar Sallah yaudararki yake yi. Ki fara da inji ɗaya da tabarmin roba. Kuɗin sauran ukun ki kashe wani ɓangare wajen horar da yarinyar a hannun ƙwararru, ki rubuta mata albashi da sharuɗɗan aiki a gaban shaidu, sannan ki nemi likitar fisiyo, wato ta gashin ƙashi, irin waɗanda ke aiki a asibitin koyarwa na Shika, ta riƙa duba duk mai ciwon baya kafin ta hau injin.