Amsa ga Baffa: Idan Tagar Maƙwabci Ta Leƙa Gidanka a Ingila

Baffa, ka tambaye ni ko a Ingila mutum yana iya tayar da bene ya buɗe taga a kan gidan maƙwabcinsa ba a ce masa uffan ba, tunda ka ji cewa gidajen nan ba su da zaure. Gaskiya ne babu zaure, katangar bayan gida kuma ba ta wuce mita 2 sai da izini, amma leƙe yana cikin abubuwan da suka fi haɗa maƙwabta rigima.

Tun daga dokar tsara birane ta 1947, babban gini sai da amincewar ƙaramar hukuma. Idan mutum ya nema, ana aika wa maƙwabta takarda, ko a ɗaura sanarwa a jikin turken fitilar titi, a ba su kwana 21 su rubuta ƙorafi. Ana sauraron wanda ya ce za a riƙa hango ɗakinsa, amma wanda ya ce darajar gidansa za ta faɗi ya ɓata tawadarsa. Ƙananan hukumomi da dama suna neman tazarar kusan mita 21 tsakanin tagogin ɗakunan zama masu fuskantar juna, sabuwar tagar gefe a saman bene kuwa sai a sa mata gilashi mai dishi-dishi, kuma ɓangaren da ake buɗewa ya kai mita 1.7 daga daɓen ɗakin.

Ka san Risala ta hana buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci, kuma a can ƙasarmu mai unguwa kan kashe irin wannan wuta tun ba ta kama ba. A nan, abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗe shi ba ne, kuma a nan ne kunya take cutar mutanenmu. Magidanci zai ga takardar, ya ce ba zai kai ƙarar wanda suke gaisawa kullum ba, sai an kafa baranda a saitin inda iyalinsa suke shanya sannan hankalinsa ya tashi. Alhali idan aka hana mai gini izini yana da damar ɗaukaka ƙara, maƙwabci kuwa ba shi da ita idan aka bayar, sai dai ya nufi babbar kotu, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu. Shi ya sa dattawanmu suke cewa a fara sallama da maƙwabcin a duba zanen tare, amma kada a bari wa'adin ya wuce ba a rubuta ba.

Lambun baya, wanda mu muke ɗauka tsakar gida, kariyarsa kaɗan ce, domin a jerin gidajen da suke manne da juna kowa yana hango na kowa daga sama. Iyalanmu sukan kafa rumfa, su shuka itatuwa a gindin katanga, mata kuma su yafa mayafi kafin su fita kwashe shanya.

A 2023 Kotun Ƙoli ta ba mazauna wasu benaye masu bangon gilashi a Landan gaskiya a kan gidan zane-zane na Tate Modern, inda a lokacin dubban baƙi suke hawa dandamalin kallo suna ɗaukar hoton falukansu. Sai dai alƙalan sun bambanta wannan da hangen da maƙwabci yake yi daga tagarsa a zaman yau da kullum, wanda suka ce sai haƙuri.