Tambaya da Amsa: Yaya Ake Dafa Ciyawar Teku?

Tambaya: Salam Anti, an kawo min tsarabar busasshiyar ciyawar teku, wai ita kombu, baƙa ce mai tauri da wani farin gari a jikinta, na rasa yadda zan yi da ita. Ko ta lalace ne?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa, ba ta lalace ba sam, farin nan sikarin jikinta ne kuma yana ƙara daɗi, kar ki wanke shi, ki dai goge ƙura da tsumma mai ɗan laima. Mutanen Japan romo suke yi da ita, ki jiƙa kamar giram 10 a ruwa lita 1 na minti 30, sai ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ki tsame ta dab da tafasa, don in ta tafasa ruwan yauƙi yake yi da ɗaci. Daga ita wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ya gano glutamate, sinadarin ƙara ɗanɗano irin wanda ke cikin magi, a 1908, shi ya sa romon ba ya buƙatar magi sosai.

Amma don Allah banda cin ta kullum, aidin ɗinta yana da yawa ƙwarai, mai ciki da mai matsalar maƙoƙo su tambayi likita tukuna.