Tambaya da Amsa: 'Yata ta rame a Ostiraliya, zan aika mata kilishi da daddawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Yata ce mijinta ya tafi da ita birnin Perth na ƙasar Ostiraliya, yana karatu a can. Duk ranar da muka yi kiran bidiyo sai in ga ta ƙara ramewa. Ta ce in ta shiga kanti daga burodi sai ƙwai take ɗaukowa, sauran kayan ba ta san kansu ba. Na haɗa mata kilishi da daddawa da kuka zan aika. Kuma wai mijin zai kai ta wani tsibiri, Rottnest, kallon namun daji a jirgin ruwa. Hankalina bai kwanta ba. In hana ta? Daga Hajiya, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Don Allah ki dakata da ƙunshin nan tukuna. Ostiraliya na cikin ƙasashen da suka fi tsanani kan shigar da abinci, saboda tsoron cutar dabbobi da ƙwarin amfanin gona. Saƙon gidan waya ma na'ura na haska shi, karnuka na shinshina shi. Kilishi nama ne, ƙwace shi za a yi a lalata, kuɗinki ya tafi a banza. Su kuka da daddawa kuwa, surukinki ya duba shafin ma'aikatar gonarsu kafin a aika komai.

Abin da yarinyar nan ta rasa shi ne wanda zai nuna mata hanya, don rabin kayan kasuwar Rimi yana can, ya dai sauya suna. Ta bar wa manyan kantuna irin Coles da Woolworths su madara da dankali, ta nemi shagon Indiyawa. Garin da aka rubuta wa bajra gero ne, namu sak, ga kunu ga fura. Jowar dawa ce. A nan za ta ga tsamiya, kuɓewa, wake mai baƙin hanci, har ganyen zogale a daskare wani lokacin. Garin shinkafa da samolina sun ishe ta tuwo. Unguwar Mirrabooka kuma tana da shagunan 'yan Afirka da mahautan halal, ta je can ta nemi manja da busasshen zoɓo, ƙila ma ta haɗu da wadda za su gaisa da Hausa.

A babban kanti sai ta koyi juya kwali ta karanta bayansa. Alawa mai danƙo da wasu yogot akan sa musu jalatin, wani sinadarin sa danƙo, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, don haka ta nemi tambarin halal. Za ta ga jan nama marar kitse a firiji, na kangaru ne, wata dabbar dajin ƙasar mai tafiya da tsalle. A daji ake harbe shi, ba a mahauta ake yanka shi ba, hukuncinsa kuma ku tambayi malamai. Sai wata kwalba mai rawayar takarda, Vegemite, da suke ci tun 1923. Baƙi ne ƙirin, baƙo yakan zaci cakulan ne ya lafta cokali guda a baki, sai ya ji kamar ya tauna dunƙulen magi. Ɗan kaɗan ake shafawa a kan burodi da bota. Ni kam har yau ban ga abin so a ciki ba, amma yara sukan saba da wuri.

Batun tsibiri kuwa, Hajiya, ki sa musu albarka su tafi. Matar da ke wuni ita kaɗai a ɗaki, miji yana makaranta, kewa na cin ta fiye da yunwa. Rottnest kimanin kilomita 18 ne daga gaɓar Fremantle da ke kusa da Perth, tafiyar wajen rabin awa a babban jirgi mai rufi da kujeru. Ba zaki ba kura. Dabbar da ake zuwa gani sunanta kwoka, 'yar uwar kangaru ce, ba ta wuce kilo 5, tana goyon ɗanta a jakar cikinta. Wani matuƙin jirgi ɗan Holan, Willem de Vlamingh, da ya sauka a 1696 ya ɗauka manyan ɓeraye ne. Ba keji irin na gidan zu na Audu Bako, sake suke, har gindin teburin mai shayi suna zuwa. Taɓa su ko ba su abinci laifi ne da ake cin tara a kai. Ba a shiga da motar gida, sai keke ko bas ko ƙafa. Akwai maciji mai dafi a cikin ciyayi, shi ya sa ake cewa kowa ya bi hanyar da aka shata.

Ya kamata kuma su san ƙasar da suke takawa. Daga 1838 zuwa 1931 Turawa sun mayar da tsibirin kurkukun 'yan asalin ƙasar, maza da yara dubbai, sama da 370 aka binne a can. Makabartar na nan kusa da inda baƙi ke sauka, su wuce ta da nutsuwa.

In teku na sa ta jiri, ta sha maganin amai kafin su hau. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne zafinsu, lokacin da muke fama da hunturu a nan, ranar kuma tana ƙona har baƙar fata, sai ta tafi da man kariya da ruwa isasshe. Ta dafa guzurinta tun daga gida, ta sa darduma a jaka, don azahar a can za ta same su.