Yaya aka yi ƙungiyar matan Lyon ta tara kofin Turai har takwas?

Tambaya daga wata malamar makaranta da ke unguwar Birni a Damagaram: "Ni aka ɗora wa kula da ƴan matan makarantarmu masu buga ƙwallon ƙafa. Ɗaya daga cikinsu ta gaya mini cewa matan ƙungiyar Lyon ta Faransa sun fi kowa ɗaukar kofin zakarun Turai, alhali mazan ƙungiyar ba su taɓa ɗaukarsa ba. Shin gaskiya ne, kuma ta wace hanya suka kai wannan matsayi? Ina son in ba ɗalibaina tarihin da zan iya tsayawa a kansa."

Amsa: Malama, ɗalibarki ta faɗi gaskiya. Zuwa ƙarshen kakar wasa ta 2025, matan Lyon sun ɗauki kofin zakarun Turai sau takwas, ƙungiyar Frankfurt ta Jamus tana biye da su da huɗu, Barcelona kuma tana da uku. Mazan Lyon sun yi zamaninsu a cikin gida, domin sun riƙe kofin Faransa shekara bakwai a jere daga 2002 zuwa 2008, amma a gasar zakarun Turai ba su taɓa wuce wasan kusa da na ƙarshe ba.

Asalin ƙungiyar ya girmi sunan da aka san ta da shi. A 1970, shekarar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Faransa ta amince a hukumance da wasan mata, wata tsohuwar ƙungiya ta birnin mai suna FC Lyon ta buɗe ɓangaren mata, kuma wannan ɓangare ya ci gasar ƙasa sau huɗu, a 1991 da 1993 da 1995 da 1998. Sai dai matan wancan lokaci ba da ƙwallo suke cin abinci ba. Da rana suna wurin aiki ko makaranta, da yamma su haɗu su yi atisaye, kamar yadda naki ɗaliban suke yi idan an tashi daga aji.

Abin da ya sauya komai ya faru a 2004, lokacin da babbar ƙungiyar birnin, Olympique Lyonnais, ta karɓi ɓangaren matan ta mayar da shi nata. Shugabanta Jean-Michel Aulas, ɗan kasuwa da ke riƙe da ita tun 1987, ya yi abin da takwarorinsa na Turai suka ɗauki shekaru kafin su yi tunaninsa. Ya ɗauki ƴan wasan a matsayin ma'aikata masu albashi, ya ba su filin atisaye mai kyau, da likitoci, da masu horarwa waɗanda ba su da wani aikin sai wannan, sannan ya fita neman gwanaye daga wasu ƙasashe, irin su Lotta Schelin ta Suwidin wadda ta zo a 2008. A ganina a nan ne amsar tambayarki take, domin macen da ta wuni tana atisaye, ta ci abincin da aka tsara mata, ta kwana ba tare da tunanin kuɗin haya ba, ba za a haɗa ta da wadda ta zo fili a gajiye daga wurin aiki ba, ko da baiwarsu ɗaya ce.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. Sun ci gasar Faransa a 2007, daga nan kuma ba su sake sakin kofin ba sai a 2021, lokacin da Paris Saint-Germain ta karɓe shi bayan sun riƙe shi shekara 14 a jere. Sun dawo da shi a 2022, suka ci gaba da riƙonsa har 2025.

A Turai ne aka fi jan daga, saboda a shekarun farko na gasar, wadda aka soma a 2001, ƙungiyoyin Jamus da na Suwidin ne ke cin karensu babu babbaka. Lyon ta kai wasan ƙarshe karo na farko a 2010, ta sha kashi a hannun Turbine Potsdam a bugun fenareti. Shekara ta zagayo suka sake haɗuwa a Landan, Lyon ta rama da ci biyu da nema, ƙwallon farko daga Wendie Renard. A 2012 ta doke Frankfurt da ci biyu da nema a birnin Munich, a gaban ƴan kallo sama da 50,000, a ƙasar abokan karawar tata. Wolfsburg ta tare mata hanya a 2013, kuma sai da aka yi shekara uku kafin ta sake ganin wasan ƙarshe.

Daga 2016 zuwa 2020 ne aka yi abin da ya sa sunanta ya shiga bakin kowa, wato kofi biyar a jere, adadin da mazan Real Madrid kaɗai suka taɓa kaiwa tsakanin 1956 da 1960. Kada ki bari ɗalibanki su ɗauka cewa a sauƙaƙe aka same su. Biyu na farko da fenareti aka raba gardama, kuma a na 2017, wanda aka buga da Paris Saint-Germain a Cardiff, bugun ya yi tsawo har ya kai ga masu tsaron gida, inda ta Paris ta ɓarar da nata, ita kuma Sarah Bouhaddi ta Lyon ta jefa nata a raga. A 2018 Wolfsburg ce ta fara cin su a cikin ƙarin lokaci kafin su farke su ƙara uku. Wasan 2019 a Budapest shi ne wanda suka nuna fifiko ƙarara: Dzsenifer Marozsán ta buɗe ci a garin da aka haife ta, Ada Hegerberg ta zura uku kafin a cika rabin awa, aka tashi huɗu da ɗaya. Ƙwallo ɗayan da Barcelona ta samu kuwa ƴar maƙwabciyarmu Najeriya ce ta ci shi, Asisat Oshoala, wadda ta zama ƴar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na wannan gasa.

Idan za ki zaɓi mutum ɗaya ki ba su labarinta, ki zaɓi Renard. Ta fito daga tsibirin Martinik da ke ƙarƙashin Faransa, ta iso Lyon a 2006 tana ƴar shekara 16, ta zama kyaftin, kuma da ita aka ɗauki dukkan kofuna takwas ɗin. Mai tsaron baya ce, amma tsawonta ya sa duk bugun kusurwa sai hankalin abokan karawa ya tashi. Hegerberg ta Norwe, wadda ta zo a 2014, ita ce mace ta farko da aka ba kyautar Ballon d'Or, wato ta gwarzon shekara a ƙwallon ƙafa, a 2018, kuma ita ke kan gaba a yawan ƙwallaye a tarihin gasar. Sai Sonia Bompastor, wadda ta ɗaga kofin tana ƴar wasa a 2011 da 2012, ta dawo ta ɗauke shi tana mai horarwa a 2022, lokacin da suka doke Barcelona uku da ɗaya a Turin. Kafin ita babu macen da ta haɗa waɗannan biyu.

Wajibi ne kuma in gaya miki cewa tazarar ta ragu, kuma dalilin raguwarta shi ne dalilin da ya haifar da ita tun farko. Barcelona ta mayar da matanta ƙwararru masu albashi a 2015, manyan ƙungiyoyin Ingila suka zuba kuɗi, sai ga shi abin da Lyon ta keɓanta da shi ya zama ruwan dare. Barcelona ta doke ta biyu da nema a wasan ƙarshe na 2024 a Bilbao, a 2025 kuma Arsenal ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, bayan ta ci ta huɗu da ɗaya a gidan Lyon. Akwai masu cewa mamayar da ta yi wa gasar Faransa ta rage wa gasar armashi, tunda ana sanin zakara tun kafin a fara, kuma ban ga laifin wannan magana ba, sai dai zargin ya fi dacewa da ƙungiyoyin da suka yi jinkirin kashe wa matansu kuɗi.

Shugabancin ma ya sauya hannu. Aulas ya bar kujerarsa a 2023, ƴar kasuwar Amurka Michele Kang ta sayi mafi yawan hannun jarin ɓangaren matan, ta mayar da shi ƙungiya mai cin gashin kanta. A watan Mayun 2025 aka sauya mata suna zuwa OL Lyonnes, don haka idan ɗalibanki suka ga wannan suna a talabijin ko a waya, ƙungiyar da muke magana a kanta ce. Ki kuma nuna musu Tabitha Chawinga ta ƙasar Malawi, wadda ta koma can a 2024 bayan ta taka leda a Suwidin da Sin da Italiya da birnin Paris.