Ƙofar gareji da zafin bazara

Tambaya: Ƙofar garejina ta ƙarfe ce, tana kallon yamma. In na liƙa mata abin tare zafi, kuɗina ba su tafi a banza ba? Daga mai karatu a Tawa.

Amsa: Malam, fara ɗaga kai ka dubi rufin. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwanon da ba shi da silin ya fi ƙofa zubo zafi. In rufin kankare ne, ko garejin na jingine da ɗakin kwana, to aikin ya cancanta.

Fara da farin fenti a waje, shi ne mafi araha. A ciki, jera farin soso mai tauri, irin wanda ke cikin kwalin sabon firji, mai kaurin santimita 3 zuwa 4. Kada gam mai warin fetur ya taɓa shi, narkar da shi yake. Soson na cin wuta, don haka rufe shi da siririn kwano, kuma mai walda ya gama aikinsa tukuna. Nauyi zai ƙaru. A ƙarfafa maƙalan ƙofar, in ba haka ba ta sunkuya tana jan ƙasa.

Bar kafar iska a sama, saboda hayaƙin mota na kisa.