Tambaya da Amsa: Su waye allolin Girkawa, kuma me labaransu ke nufi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a, a kwas ɗin adabi aka ba mu labarin su Ziyus da Hera, na karanta kaina ya ɗaure. Wai uba yana haɗiye 'ya'yansa, wai alloli suna kishi suna faɗa. Dan Allah da gaske mutane sun bauta ma waɗannan? Kuma me ya sa har yanzu malamai ke ɓata lokaci a kansu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Eh, da gaske sun bauta musu, sun gina musu ɗakunan bauta, suna musu yanka, wasannin Olimfik ma na asali a garin Olimfiya don girmama Ziyus ake yin su. A tunaninsu manyan allolin goma sha biyu ne suna zaune a kan dutsen Olimfus, dutse mafi tsawo a Girka, kusan mita 2,900. Ziyus na da sama da tsawa, ɗan'uwansa Fosaidon na da teku, Hadis kuma ƙasar matattu. Da yawa daga cikin abin da muka sani daga waƙoƙin Homa ne da na Hesiyod, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Toh abin da ya ɗaure miki kai ya ɗaure ma su kansu Girkawan. Akwai wani masani Zenofanis da ya ce Homa da Hesiyod sun jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya ƙara da cewa da a ce shanu da dawaki suna da hannu su yi zane, da kowanne ya zana allansa da kamanninsa. Kin ga tun a cikin gidansu aka fara musu.

Daga nan hanyoyin fassara suka taso. Wasu suka ce labaran zaurance ne, ana faɗin abu ana nufin wani. Wanda kika ambata, Kronos mai haɗiye 'ya'yansa, sunansa ya yi kama da kalmar Girkanci ta lokaci, sai suka ce ai lokaci ne ke cinye duk abin da ya haifa. Wani mai suna Yuhemeros wajen shekara 300 kafin Annabi Isa ya ce a'a, sarakuna ne na da da suka mutu, mutane suka yi ta zuzuta su har suka koma abin bauta, dama mutanen tsibirin Kirit suna nuna wani wuri su ce kabarin Ziyus ne. Irin wannan karatun ne wasu masana tarihi ke yi wa labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura, suna neman tarihin da ke ƙarƙashin labarin.

Ni wadda ta fi kama min hankali ita ce ta yanayi. Hadis ya sace Fasifoni 'yar Demita mai kula da amfanin gona, uwar ta shiga baƙin ciki ƙasa ta daina tsiro yunwa ta kama mutane, aka dawo da yarinyar amma da yake ta ci 'ya'yan rumman a can dole duk shekara ta koma wani ɓangare na shekarar, in ta tafi gona ta mutu in ta dawo ta yi kore. Manomi ne ke bayyana ma ɗansa dalilin zuwan lokacin shuka da wucewarsa.

Sai dai ki kula ƙanwata, kar ki ɗau hanya ɗaya ki ce ita za ta buɗe kowane labari. A ƙarni na 19 wani masani Max Müller ya so ya mai da kusan komai labarin rana da fitowar alfijir, daga baya masana suka yi watsi da yawancin bayanin nasa. In za ki yi asayimen ɗinki, ɗauki labari ɗaya kamar na Demita, ki gwada masa hanyoyin nan uku ki rubuta inda kowacce ta zauna da inda ta gaza.