Ɗana ya dawo daga makaranta yana waƙar Kirsimeti: mu mayar da shi gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Landan, muna zaune da maigidana da ɗanmu mai shekara 7. A makarantarsu ta gwamnati ana koya musu addinai daban-daban, an kai su coci da ɗakin ibadar mabiya addinin Sik, yanzu kuma an ba shi matsayin Yusufu mijin Maryamu a wasan Kirsimeti. Jiya na ji shi yana rera waƙar da ake kiran Yesu Ubangiji. Wan maigidana ya ce zamanmu a nan haramun ne, mu tura yaron Kano wurin kakarsa. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya shirya miki shi. A duk abin da kika lissafa, waƙar nan ce ta tsaya mini a rai. Yaro ya san abin da Kirista ko Bahindu ya yi imani da shi, wannan ilimi ne, babu laifi. Amma ya furta shi da bakinsa cikin rera da shauƙi, wannan shiga ibadarsu ce. Shi ba a rubuta masa zunubi tunda bai balaga ba. Ku iyaye ne abin tambaya, kuma abin da yaro ya haddace da waƙa a wannan shekaru yana da wuyar fita.

A Ingila darasin addinai daban yake, taron ibada na kullum daban, wanda doka ta ce mafi yawansa ya kasance na Kiristanci. Dokar makarantu ta 1998 ta ba ki damar cire ɗanki daga kowannensu ba sai kin faɗi dalili ba. Ki rubuta wa shugaban makaranta takarda, ki cire shi daga taron ibadar, ki bar shi a darasin. Ki nemi a ba ki rubutun wasan da baitocin waƙoƙin ki karanta da kanki. Matsayin Yusufu kuwa a janye yaron daga gare shi, domin wasan an gina shi a kan aƙidar da Alƙur'ani ya kore, a watan bikinta. Ki yi maganar cikin mutunci, kuma ba a gaban yaron ba, kada ya ga kamar hukunta shi ake yi.

Ziyarar coci don gani da ido, ba ranar bikinsu ba, ta halatta. A ɗakin ibadar Sik ya cire takalmi ya rufe kai kamar kowa, amma kada ya sunkuya wa littafinsu, kada kuma ya ci alewar da suke rabawa bayan addu'a. Abota da kyautata wa yaran ajinsu, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta gama magana.

Sai maganar wan maigidanki. Na san hujjarsa: hadisin da Annabi (SAW) ya barranta daga Musulmin da ke zaune cikin mushirikai. Tirmizi da ya ruwaito shi, shi ne ya kawo cewa Bukhari ya rinjayar da cewa mursali ne, wato babu sahabi a silsilar ruwayarsa. Ko an inganta shi, ya zo ne a kan mutanen ƙabilar Khas'am da aka kashe bisa kuskure a halin yaƙi saboda ba a bambance su da abokan gaba ba. Fatawar malamin Malikiyya Wansharisi da 'yan mazhabarmu ke kawowa a kan Musulmin Andalus ce, waɗanda ƙasarsu ta faɗa hannun sarakunan Kirista har daga baya aka tilasta musu barin addini. Ina wannan ina garin da ake sallar Juma'a a fili? Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zauna a Habasha ƙarƙashin mulkin Kirista har shekara ta 7 bayan hijira, alhali Madina ta daɗe da kafuwa, kuma a can aka haifi ɗansa Abdullahi. Ummu Khalid ma can aka haife ta. Da ta zo Madina tana yarinya, Annabi (SAW) ya sanya mata tufa ya ce “sanah”, wato ya yi kyau da harshen Habasha. Bai ƙyamaci tashinta a can ba, da yaren can ya yi mata wasa. Ma'aunin shi ne iya bayyana addini da tsare shi ga iyali. Ranar da kuka ga kun kasa, komawa ta wajaba, kuma tare za ku koma. Raba ɗan shekara 7 da uwarsa a ɗora wa tsohuwa ba magani ba ne, sau da yawa ma yaron yakan ɗauka addini ne ya raba shi da iyayensa.

Abin da ban ji a tambayarki ba shi ne abin da yake samu a gida. Aikin jinya yana cin dare, na sani, amma ku tsara lokutan aikinku yadda ɗayanku zai zauna da shi ko da minti 15 kullum. Ku karanta masa ƙissar Annabi Isa daga Suratu Maryam, ya ji jaririn da kansa ya ce shi bawan Allah ne, sannan ya riƙe Ƙulhuwallahu da ma'anarta. Idan ya tambaya ko Yesu ɗan Allah ne, kada ki daka masa tsawa, domin daga ranar zai daina kawo miki tambaya ya kai wa wani. Shekarun fara salla ya kai: a Disamba azahar da la'asar duk suna shiga yana makaranta, magariba kuma kafin ƙarfe 4, don haka da ya shigo gida ku yi alwala tare kafin a zuba abinci. Wallahu a'alam.